Akwatin da na ƙera wa bishiyoyin lemona saboda sanyin hunturu

Bishiyoyin lemo uku na dasa a bayan gidana, kuma kafin hunturun farko ya janye na rasa ɗaya, ta biyu ta ƙone kusan rabi, ta ukun ce kaɗai ta fita ba tare da wani rauni na a zo a gani ba. Wadda ta mutu ita ce ta ƙaramin lemun tsami, koren nan mai siririn ɓawo. Wadda ta ƙone ita ce ta babban lemun tsami, mai komawa rawaya idan ya nuna. Wadda ta tsira kuwa ta tanjarin ce, irin wanda ake kira satsuma, wanda daga Japan ya bazu zuwa sauran ƙasashe. A inda nake zaune hunturu bai tsaya a kan hazo da tsagewar leɓe ba, domin tsakanin ƙarshen Nuwamba da farkon Maris akwai dararen da ruwan da aka manta a bokiti yake wayar gari ya zama ƙanƙara. Ita kuwa bishiyar lemo ba ta iya kakkaɓe ganyenta ta kwanta barci kamar yadda tuffa take yi ba, da koren ganyenta cike da ruwa take tarbar duk abin da dare ya kawo.

Ba zan ce ban yi komai ba a wancan hunturu, amma abin da na yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk maraicen da na ji gari ya ɗauki sanyi sai in ɗauko leda in lulluɓe kowace bishiya, in tattaro bakin ledar in ɗaure shi a jikin gindin kamar mai ɗaure bakin buhu, in koma ɗaki da zaton na yi musu sutura. Kwana biyu bayan wani dare mai tsanani na ga duk ganyen da ya taɓa leda ya yi duhu kamar an jiƙa shi da mai, daga baya ya koma ruwan ƙasa ya nannaɗe. Wani dattijo maƙwabcina da ya daɗe yana aikin lambu ya leƙo ta kan shinge ya ce da ni, "Ɗana, bishiya ba mutum ba ce, ba ta da ɗumin jiki da za ka rufe. Ɗuminta yana ƙasa, kai kuma ka ɗaure ka bar shi a waje." Na ce, "To Baba, yaya zan yi?" Ya ce in saki bakin ledar ya sauka har ƙasa in danne shi da duwatsu, kuma kada in bari ta taɓa ganye. A kan wannan magana tasa na ɗora duk abin da na yi a shekara ta biyu.

Na cinye watannin zafi ina bin diddigin lamarin, har na gane cewa sanyin da ke kashe lemo iri biyu ne. Akwai na daren da sama ta yi tas babu gajimare, iska kuma ta kwanta. A irin wannan dare ƙasa da ganye suna sakin zafin da suka sha da rana ya tafi sararin sama babu abin da zai mayar da shi, har ganye yakan fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, kuma da yake iska mai sanyi ta fi nauyi sai ta gangara ta taru a duk inda ke da kwari. Tsananinsa yakan zo dab da fitowar rana. Akwai kuma na iska mai ƙarfi da ke tasowa daga yanki mai tsananin sanyi ta kwana biyu ko uku tana kaɗawa, wadda ko da rana ba ta barin gari ya yi ɗumi. Rufi mai kyau yana maganin na farko, amma na biyun sai an haɗa da wani zafin daga waje.

Juriyar lemo ma ba ɗaya ba ce. Ƙaramin lemun tsami yana fara cutuwa da zarar an sauka digiri 1 ko 2 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, babban ya ɗan fi shi, lemun zaƙi ya fi su duka biyu, bishiyar satsuma da ta girma kuma ta saba da sanyi sannu a hankali kuwa tana iya jure kusan digiri 9 ƙasa da sifili. 'Ya'yan sun fi bishiyar rauni, domin awa huɗu a wajen digiri 2 ƙasa da sifili ta isa ta daskarar da ruwan cikinsu ya farfasa 'yan jakunkunan da ke riƙe da shi, daga baya a yanka a tarar da ciki ya bushe. Da na ga haka sai na fahimci cewa abin da ya faru da bishiyoyina uku ba ƙaddarar wuri ba ce, kowace ta tsaya ne a iyakar abin da irinta ke iya ɗauka.

Dabarar da na zaɓa ba sabuwa ba ce. A gaɓar tabkin Garda da ke arewacin Italiya manoma sun yi ɗaruruwan shekaru suna noman lemun tsami a tsakanin dogayen ginshiƙai, idan hunturu ya zo su rufe su da katako da gilashi, idan ya wuce su kwashe. Nawa ƙarami ne, akwati marar gindi da ke zaune a kan ƙasar da bishiyoyin suke, mai murfin gilashi da ake ɗagawa a saukar. Na yi sa'a tun farko na dasa bishiyoyi biyun da suka rage kusa da juna a gaban bangon da ke kallon kudu, kuma a arewacin duniya ta kudu rana take bi da hunturu, ƙasa-ƙasa, don haka bangon yana shan rana yini guda ya riƙa sakin zafin da dare. Wanda ke kudancin duniya bangon da ke kallon arewa zai nema. Bangon ya zama bayan akwatin, sai ya rage mini gaba da gefe biyu da murfi.

Tsofaffin tagogi uku da aka cire daga wani gini su ne suka yanke mini girman akwatin, domin gyara katako ya dace da gilashi ya fi sauƙi a kan yanka gilashi ya dace da katako. Kowace taga faɗinta santimita 80 ne, tsawonta 120, da na jera su sai tsawon akwatin ya zama mita 2 da santimita 40. Na sa bayan ya kai mita 1 da santimita 80, gaban kuma mita 1 da santimita 40, saboda murfin ya karkata ya fuskanci rana kuma ruwan sama ya zurare. Na tabbatar akwai aƙalla taƙi guda tsakanin ganye da kowane ɓangare na akwatin. Wajen kafa ginshiƙai na bi a hankali, da hannu na tona ramukan, domin saiwoyin lemo da ke shan ruwa da abinci suna nan kusa da saman ƙasa kuma sukan bazu su wuce inuwar rassan. Gaba da gefuna na yi su a matsayin firam na katako, na ja ledar lambu mai kauri, wadda aka yi don ta jure rana, a ciki da waje, sai aka samu iska mai kaurin katakon a kulle tsakanin ledojin biyu. Wannan iskar da ba ta motsi ita ce ainihin abin da ke tare sanyi, ba ledar kanta ba. Da ƙusoshi masu zare na haɗa komai maimakon na bugawa da guduma, don in iya kwancewa idan ɗumi ya dawo.

Kuskuren da ya ci mini yini guda shi ne na amince da idona. Da na ɗora tagogin sai na ga ta tsakiya ta ƙi zama, ta bar kafar da yatsa zai shiga a kusurwa ɗaya. Da na ja igiyar awo daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, na sake yin haka ta ɗaya ɓarin, sai na tarar da bambancin santimita 3, wato akwatin ya murɗe. Dole na sassauta ƙusoshin, na tura ginshiƙi ɗaya, na sake ɗaurewa har awo biyun suka zo daidai. Bayan haka na yi abin da nake ganin ya fi kowane mataki amfani: da dare na kunna tocila na ajiye a cikin akwatin, na rufe, na riƙa zagayawa ina duba inda haske ke fitowa. Wurare da yawa suka tona kansu, musamman inda katako ya haɗu da bangon da ba shi da santsi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sanyi ma haka. Na cusa tsumma da soso a kafofin, na tara ƙasa a gindin firam ɗin ta waje, na kuma sa wa kowace taga ƙugiya saboda iska.

Su kansu bishiyoyin sai da na shirya su tun kafin a rufe. Na daina ba su taki mai sinadarin naitirojin tun cikin Agusta, kuma ban taɓa su da almakashi ba a kaka, domin duka biyun suna sa toho, sabon toho kuwa shi sanyi yake fara ci. Busasshen ganye da ciyawar da na shimfiɗa a gindinsu don riƙe laima lokacin zafi na janye su gaba ɗaya daga cikin akwatin. Da farko wannan ya yi mini kama da cire wa mutum bargo ana sanyi, amma hujjar a fili take: shimfiɗar tana hana rana shiga ƙasa da yini, tana kuma hana zafin ƙasa fitowa da dare, alhali shi nake nema. Ƙasa tsirara, dannanniya, mai laima ta fi busasshiya ko wadda aka kafce riƙe zafi, saboda haka duk lokacin da aka yi hasashen sanyi mai tsanani nakan ba su ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin ya iso. Abu na ƙarshe shi ne wurin aure, wato inda aka haɗa reshen irin da ake so da gindin da ke ɗauke da shi. Na tara ƙasa mai tsabta na rufe shi har sama da taƙi guda, domin idan komai ya lalace sama ta mutu, muddin wurin auren da ɗan abin da ke bisansa suna da rai, bishiyar za ta sake fitowa da irinta na ainihi. Ragowar 'ya'yan satsuma da suka nuna na tsinke su kafin Disamba.

Akwati ba ya haifar da zafi, abin da ya samu kawai yake riƙewa. Na tabbatar da haka a makon farko, lokacin da na rataye ma'aunin zafi mai ajiye mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da aka kai, ɗaya a ciki daidai tsakiyar rassa, ɗaya a waje. Da asuba bambancinsu bai wuce digiri 2 ba, abin da ya sanyaya mini gwiwa bayan duk wahalar da na sha. Dalili ɗaya shi ne leda, ba kamar gilashi ba, tana barin zafin da ƙasa ke fitarwa ya ratsa ta ya wuce. Ɗaya dalilin kuma babu wani abin kirki a ciki da zai ajiye zafin rana. Sai na kawo jarkoki takwas masu cin lita 20, na shafa musu baƙin fenti, na cika su da ruwa amma na bar sarari a wuya domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, na jera shida a jikin bango inda rana ke dukansu, biyu a gaba. Lissafin ya ba ni sha'awa. Lita 160 ta ruwa idan ta huce da digiri 5 kacal tana sakin zafin da ya yi daidai da na ƙwan lantarki mai wat 100 da ya yi kusan awa tara yana ci. Abin da ya fi wannan ma shi ne lokacin da ruwa yake daskarewa, domin lita guda tana sakin zafin da ya kai na hucewarta da digiri 80, kuma muddin bai gama daskarewa ba yana nan tsaye a sifili. Ke nan ko jarkar da ta fara yin ƙanƙara ba ta daina aiki ba.

Na ƙara da tsofaffin barguna biyu da nake jefawa a kan murfin da gaban akwatin da magariba, in rufe su da tamfol don kada su jiƙe, tunda jiƙaƙƙen bargo ba ya tare komai. Daren gwaji ya zo a tsakiyar Disamba. Taurari sun fito ras, babu ko ganyen da ke motsi, kuma da na fita da asuba ciyawa tana ƙarar karyewa a ƙarƙashin takalmina. Ma'aunin waje ya nuna digiri 4 ƙasa da sifili, na ciki ya tsaya a 2 sama da shi. Na ɗaga gefen bargo na leƙa da tocila, na ga gilashin ya yi gumi ta ciki, ganye kuwa kore shar. Na koma ɗaki ina ganin aiki ya ƙare.

Ashe ban san inda haɗarin yake ba. Wata safiya a Janairu na janye barguna na fita da wuri, ban ɗaga murfin ba saboda gari yana da sanyi sosai, na ce bari su sha ɗumi. Rana ta fito ƙal. Da na dawo bayan azahar na buɗe, wani turiri mai zafi ya buge ni a fuska, ganyen saman ya yi laushi ya rataye, ma'aunin kuma ya ajiye digiri 41 alhali waje bai wuce 8 ba. Ganyen ya farfaɗo zuwa dare, sai na ɗauka na sha da ƙyar. Amma ba a ranar kaɗai na yi sakaci ba, na yi kwanaki ina jinkirin buɗewa sai hantsi ya ɗaga, kuma abin da hakan ya haifar ya bayyana bayan mako biyu: bishiyar lemun tsami ta fitar da sabon toho mai ɗan ja-ja a kan rassanta, har da kawunan fure. Lemo yana tsayar da girma ne idan zafi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 13, kuma a wannan hutu ne yake tara juriyar sanyi, 'yan kwanakin ɗumi kuwa suna warware ta. Ni da hannuna na gaya wa bishiyar cewa hunturu ya wuce. Garin neman ƙiba na samo rama.

Irin wannan ne ya durƙusar da gonakin lemo na jihar Florida ta Amurka. Sanyin ƙarshen Disamba na 1894 ya lalata 'ya'ya ya kakkaɓe ganye, Janairu ya zo da ɗumi bishiyoyi suka cika da ruwa suka yi toho, sai wani sanyin ya dawo a Fabrairun 1895 ya tsattsaga ɓawonsu ya kashe su har ƙasa. Na tuna da wannan ina tsaye a gaban tohon da na jawo, kuma Fabrairu yana tafe.

Daga ranar na canza tsari. Muddin za a yi rana, da zarar waje ya haura sifili da 'yan digiri nakan tokare murfin da guntun katako da na yi wa tsani uku, in buɗe kaɗan ko da yawa gwargwadon yanayin, burina kada ciki ya wuce digiri 15 zuwa 18. Da la'asar, tun rana ba ta bar bangon ba, in rufe domin a kulle zafin ƙarshen yini. A ranakun da babu barazanar daskarewa ko da dare ba na rufewa ruf. Daga baya na sa wa taga ta tsakiya wani ƙarfe mai bututun kakin zuma da makamantansa a ciki, wanda ke kumbura idan ya ji zafi ya tura tagar sama, ya kuma saki idan ya huce, ba ya bukatar lantarki. Ya rage mini fargabar ranakun da ba na gida, ko da yake sai na cire ƙugiyar wannan tagar, kuma dole in tuna in mayar da ita duk daren da za a yi iska.

Sanyi na biyun, mai iska, ya iso a mako na biyu na Fabrairu. Kwana biyu rana ba ta fito ba, saboda haka jarkokin ba su sami abin ajiyewa ba, kuma hasashe ya nuna za a kai digiri 9 ƙasa da sifili. Na san ruwa da bargo kaɗai ba za su isa ba. Na fara jawo fitila da ƙwan zamani mai cin wuta kaɗan, na riƙe shi a tafin hannu bayan ya daɗe yana ci na ji ɗuminsa bai taka kara ya karya ba, sai na tuna cewa tsohon ƙwai mai siririyar waya a ciki shi ne ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zuwa zafi. Aibinsa a ɗaki shi ne amfaninsa a nan. Na samo biyu masu wat 60, na rataye su ƙasa-ƙasa kusa da gindin kowace bishiya tunda zafi sama yake tashi, nesa da leda da ganye, na yi amfani da waya irin ta waje, na ɗaga mahaɗarta daga ƙasa na rufe ta daga ruwa. Ban yarda in sa gawayi ko risho a ciki ba, saboda gobara, kuma hayaƙin kananzir a rufaffen wuri yana sa lemo zubar da ganye. Da magariba na juye jarkoki biyu na gaba na cika su da ruwan ɗumi, na ɗaure tamfol da igiya ta kowace kusurwa.

Sau biyu na fita a daren. A fita ta biyu, wajen ƙarfe huɗu, na tarar iska ta zare tamfol daga kusurwar gabas tana kaɗa shi, bargon ya zame ya bar rabin taga a buɗe ga sama. Yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa wajen ɗaure igiyar, sai da na danne gefen da bulo biyu. Da gari ya waye ma'aunin waje ya tabbatar da hasashen, na ciki ya ajiye digiri 1 ƙasa da sifili. Jarkar da ke kusurwar gabas na girgiza ta na ji ƙanƙara tana ƙara a samanta. Sabon tohon nan da kawunan furen duk sun yi baƙi cikin kwana uku, da wasu ganyaye na reshen da ke ƙarƙashin tagar da ta buɗe. Tsohon ganye bai nuna komai ba, satsuma kuwa kamar ba a yi ba. Bayan wannan dare na sa 'yar na'urar soket mai kunna wuta da kanta idan zafi ya sauka kusa da digiri 2, ta kashe idan ya haura zuwa wajen 7.

Rufaffen wuri yana da nasa baƙi. Laima ta sa funfuna ta kama matattun furen, sai na tsince su na fitar. A ƙarƙashin ganye na ga ƙwari masu kama da ɗigon ɓawo manne a jikin jijiya suna fitar da danƙo, na goge su da tsumma da ruwan sabulu a wata rana mai ɗumi. Ɓera ma ya sami masauki a bayan jarkoki, kuma da yake yakan gwagwiyi ɓawon ƙananan bishiyoyi da hunturu, na kewaye gindin kowace da ragar ƙarfe mai ƙananan ido. Ban ruwa na rage shi ƙwarai, domin murfin yana tare ruwan sama amma saiwa mai sanyi ba ta sha da yawa, sai na tura yatsa na ji ƙasa ta bushe nake ba su.

Ban kwance akwatin rana ɗaya ba. Cikin Maris na fara barin murfin a buɗe dare da rana, bayan mako biyu na cire firam ɗin gaba, na bar gefunan da barguna a kusa saboda sanyin da kan waiwayo, sai tsakiyar Afrilu na kwashe komai. Tarin ƙasar da ke kan wurin aure na janye shi da hannu na wanke ɓawon, domin idan ya daɗe cikin ɗumi da laima gindi yakan ruɓe. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin yanke reshen da ya ƙone, amma dattijon nan ya hana ni, ya ce, "Bari ta nuna maka da kanta inda ranta ya tsaya." Ya kuma nuna mini cewa reshen da ya zubar da ganyensa yana da rai, wanda busasshen ganye ya maƙale masa shi ne abin tsoro. Na kankare ɓawon da farce a wurare uku, biyu na ga kore mai ɗanshi, ɗaya ruwan ƙasa. Sai ƙarshen Mayu, bayan sabon toho ya fito ya tsaya, na yanke abin da ya mutu, kuma bai kai tsawon hannu ba.

A inda ƙaramin lemun tsami ya mutu a shekarar farko, kututturen da na yi kasalar tonewa ya fitar da tsiro daga ƙasan wurin aure, mai manyan ƙayoyi da ganye uku-uku a kan kowane sanda. Wannan shi ne gindin da aka yi auren a kansa, wani dangin lemo mai zubar da ganye da hunturu wanda ke jure kusan digiri 20 ƙasa da sifili, ya yi hunturu biyu a fili babu leda babu bargo. 'Ya'yansa ba sa ciwuwa don ɗaci, amma na bar reshe ɗaya mai ƙarfi domin in aura masa satsuma idan ya kai kaurin fensir. Ruwan jarkokin na juye shi a gindin bishiyoyin, na rubuta lamba a jikin kowane firam da taga don in san mazauninsu, na jingina su a rumfa inda rana ba za ta ci ledar ba. Kafin in ajiye igiyar awo na auna bishiyar lemun tsami, na tarar saura taƙi ɗaya kanta ya kai inda gilashin yake zama, ga kuma watannin girma a gaba, saboda haka ginshiƙan baya da na gaba duka sai na ƙara musu santimita 40 kafin Nuwamba.